Masu Rowar Fetur: Gwanintar Tuƙa Motar Haibirid

A shekarar 2024 wani Ba'amurke mai suna Wayne Gerdes ya ɗauki Toyota Prius, irin wadda duk mai kuɗinta zai iya saya, ya tashi daga ƙofar majalisar birnin Los Angeles ya nufi ƙofar majalisar birnin New York. Tafiyar kilomita 5,168 ce, wato kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya dawo har sau biyu, sannan ya sake komawa. Ya ratsa hamadar Mojave cikin zafin da ya haura digiri 40, ya hau tsaunukan da tsayinsu ya wuce mita 2,000, ya sha fama da iska mai ƙarfi. Da ya isa aka yi lissafi, sai aka tarar man da ya ƙona bai kai lita 131 ba. Kowace lita ta kai shi kilomita 39.6. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke auna shan man motoci, ta ce wannan mota kilomita 24 da ɗan ɗoriya take yi a lita. Da wani ne ya ja ta bisa wannan awo, da lita 213 za ta sha. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta sunansa.

Mota ɗaya ce, fetur ɗaya ne, amma an samu rarar lita 80 da ɗoriya. Wannan rara daga ƙafar direban ta fito, da idonsa, da haƙurinsa.

Gerdes ba ɗan tseren mota ba ne. A da ma'aikaci ne a wata tashar lantarki ta nukiliya a jihar Illinois, kuma a lokacin doguwar tafiya yake yi kullum zuwa wurin aiki. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ya ƙuduri aniyar rage man da yake ƙonawa, don a ganinsa dogaron ƙasarsa ga man ƙetare yana cikin abin da ya ja mata fitina. Ya shiga lura da kowane motsi na ƙafarsa, har ya kai yana samun kilomita 25 a lita a cikin Honda Accord wadda ba haibirid ba. Shi ne ya raɗa wa wannan salon tuƙi sunan da aka san shi da shi a yau, hypermiling, a 2004. Amma asalin abin ya girme shi. Tun 1939 masana kimiyya na kamfanin Shell a garin Wood River, a jihar ta Illinois, suka yi gasa a tsakaninsu a kan wa zai fi yin nisa da galan guda, kuma daga wannan wasa ne gasar Shell Eco-marathon ta samo tushe. Abin da ya sauya shi ne zuwan motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da injin lantarki. Da Toyota ta fito da Prius a Japan a watan Disambar 1997, Honda ta biyo baya da Insight a 1999, sai masu rowar fetur suka samu motar da ke kashe injinta da kanta tana cikin tafiya, kuma take nuna wa direba a allo abin da ƙafarsa ke jawo masa.

Inda man yake salwanta

Kafin a gane gwanintar, sai an san halin injin fetur. Mafi yawan ƙarfin da ke cikin man da yake ƙonawa zafi yake zama, ya bi salansa da lagireto ya tafi. Injin Prius na 2015, wanda yana cikin waɗanda suka fi tsimi a duniya, kashi 40 cikin 100 kaɗai yake mayarwa aiki, kuma wannan ma sai yana aiki a daidai inda ya fi jin daɗi, wato da ɗan nauyi a kansa, ba ya kuma ihu. Idan aka bar shi yana aikin da bai kai ya kawo ba, asarar ta fi haka nesa. Dalili kuwa shi ne akwai wata 'yar ƙofa a maƙogwaron injin wadda totur ke buɗewa. Idan direba ya ɗan taɓa totur kaɗan, ƙofar kusan a rufe take, fistin yana ta kokawar zuƙo iska ta ƙaramar kafa, kuma wannan kokawa mai take ci. Ga kuma gogayyar ƙarafan injin, wadda tana nan ko yana jan kaya ko ba ya ja.

Injin Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 yana da ƙarfin doki 76. Amma riƙe motar a gudun kilomita 60 a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ya buƙatar ko ƙarfin doki 10. Ke nan direban da ya dafe totur wuri guda yana tafiya a hankali, yana ganin ya yi tsimi, ya ajiye injinsa ne a inda ya fi ɓarna.

Sai batir. Mutane da dama sun ɗauka cewa sirrin haibirid shi ne tafiya da lantarki, don haka suke ta lallaɓa totur don motar ta daɗe a kan batir. Gwanaye ba sa haka. Haibirid ɗin da ba a jona ta a soket ba ta da wata hanyar samun wuta sai daga fetur. Batirin waccan Prius ƙarami ne, kuma kwamfutar motar ba ta barin cajinsa ya sauka ƙasa da kashi 40 ko ya haura kashi 80, don ya yi ƙarko. Abin da ke tsakani bai kai aikin da rubu'in lita zai yi ba, da ƙyar ya kai ka kilomita biyu. Idan ya ƙare, dole injin ya tashi ya biya bashin. Kuma biyan yana da tsada. Kamar mai naira ne ya kai wa ɗan canji ya karɓi sefa, jim kaɗan ya dawo ya mayar da sefar naira: kowane juyi sai an ɗan yanki wani abu. Daga inji zuwa janareta an yanka, daga janareta zuwa batir an yanka, daga batir zuwa injin lantarki an sake yanka, kafin a kai ga taya. Shi ya sa gwanin direban haibirid shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin taɓa batir. Ya fi son ya adana ƙarfin a cikin gudun motar kanta, inda babu mai yankar masa komai sai iska da kwalta.

A ba ta wuta, a sake ta

Daga nan babbar dabarar ta fito. Matakai biyu ne da ake ta maimaitawa: a ba mota wuta, sannan a sake ta ta sulale injin a kashe.

Ga yadda abin yake a cikin Prius ta 2004 zuwa 2009, wadda a kanta aka ƙware a dabarar. Direba yana tafiya a kilomita 50. Sai ya taka totur, taku na sosai amma ba na fushi ba, injin ya tashi ya ɗauki nauyi. Idonsa yana kan allon da ke tsakiyar mota, inda kibiyoyi ke nuna inda ƙarfi ke fitowa da inda yake zuwa. Abin da yake nema shi ne kibiya daga inji zuwa taya, ba tare da batir ya kawo gudummawa ba. In ya ga kibiya ta fito daga batir, ya san ya matsa da yawa, sai ya ɗan sassauta. Cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka allurar maleji ta kai 65. Nan sai ya ɗage ƙafa gaba ɗaya. Kwamfuta ta ga ba a buƙatar inji, ta kashe shi.

To a nan gwanintar take. Idan ya bar ƙafarsa a ɗage, motar za ta fara riƙe kanta kaɗan tana tura wuta cikin batir, domin an tsara ta ne ta kwaikwayi yadda sauran motoci ke rage gudu idan an saki totur. Wannan riƙewa asara ce. Saboda haka sai ya mayar da ƙafar, ya ɗan taɓa totur, taɓawar da ba ta wuce nauyin babban yatsa ba. In ya yi ƙasa da yadda ake so, kibiya tana shiga batir. In ya zarce, kibiya tana fita daga batir. In ya zarce sosai, injin ya farka. A tsakanin waɗannan akwai wani ɗan gurbi siriri inda duk kibiyoyin ke ɓacewa, allo ya zama wayam. Babu mai da ke ƙonewa, babu wutar da ke shiga ko fita, motar tana tafiya ne da gudun da ta tara kawai. Haka zai riƙe ƙafarsa cik, maleji yana sauka a hankali, 62, 58, 54, har ya dawo 50. Sulalewar kan ɗauki ninki biyu ko uku na lokacin ba da wutar. Sai ya sake takawa. Ke nan a mafi yawan tafiyar injin a kashe yake, kuma ɗan lokacin da yake aiki, yana yi ne a inda ya fi tsimi.

Saboda siririn wannan gurbi ne wasu gwanayen ke cire takalmin ƙafar dama su tuƙa da safa. A Prius ɗin da ta fito daga 2009, an sauƙaƙa abin da wani layi a gaban direba mai alamun CHG da ECO da PWR. Sulalewa ita ce a tsayar da layin daidai kan iyakar CHG da ECO, ba da wuta kuma a kai shi can saman ECO ba tare da an faɗa PWR ba. Wasu kan ƙara da wata 'yar na'ura kamar ScanGauge, wadda ake jonawa a ƙasan sitiyari, ta riƙa nuna juyin inji da zafinsa da cajin batir a kowace daƙiƙa.

Me ya sa 65 ba 80 ba? Domin a waccan Prius injin fetur da injinan lantarki biyu suna haɗe ne da wata giya guda mai raba ƙarfi. Idan motar ta haura kilomita 67 injin fetur yana tsaye, ƙaramin injin lantarkin zai yi juyin da ya fi ƙarfinsa, don haka kwamfuta take tilasta wa injin fetur ya juya. Sababbin ƙira sun ɗaga wannan iyaka sosai, amma gwani sai ya san ta motarsa.

An ga iyakar abin da dabarar ke iya yi a watan Agustan 2005, lokacin da Gerdes da wasu direbobi huɗu suka yi karɓa-karɓa a cikin Prius guda a kan wani yankin titi kusa da birnin Pittsburgh. Sun shafe kusan awa 47 suna kai da kawo, suna ba ta wuta suna sakin ta, har suka yi kusan kilomita 2,250 da tanki ɗaya, sama da kilomita 46 a kowace lita. A 2009 kamfanin Ford ya gayyace shi, tare da ɗan tseren mota Carl Edwards da injiniyoyin kamfanin, suka ja Fusion Hybrid kilomita 2,326 da tanki ɗaya a kewayen birnin Washington. Kamfanonin mota ma sun koyi darasi. Audi A8 da ta fito a 2017 tana kashe injinta da kanta ta sulale har tsawon daƙiƙa 40 a gudun kilomita 55 zuwa 160, direba bai yi komai ba sai ɗage ƙafa.

Ido kafin birki

Ƙafa rabin aikin ce. Sauran rabin na ido ne, kuma shi ya fi wuyar koyo.

Duk gudun da mota ke yi da fetur aka saye shi. Duk sanda aka taka birki, an zubar da abin da aka saya. Kuma asarar ba daidai da gudun take hauhawa ba: motar da ke gudun 100 tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin da ke jikin mai gudun 50. Gaskiya ne haibirid tana ceto wani abu, domin idan an taka birki a hankali injin lantarki ne ke riƙe motar, ya zama janareta, ya mayar da gudun wuta. Amma batir yana da iyakar abin da zai iya haɗiya a lokaci guda. In ka taka da ƙarfi, abin da ya yi saura birkin taya ne zai ɗauka, ya mayar da shi zafi. Haka kuma idan gudu ya sauko kusa da kilomita 10, birkin taya ne ke ƙarasa aikin. Don haka matakan uku ne a wurin gwani. Mafi kyau shi ne kada a taka birki sam. Na biyu shi ne a fara takawa tun daga nesa, a hankali, a daɗe ana yi. Na ƙarshe, wanda ba a so sai don tsira, shi ne a zo gab a danna.

Dubi yadda yake tunkarar danja. Tun yana da nisan mita 300 ko 400 ya hango ta ja, ya ƙirga motocin da ke tsaye, ya kuma kintaci tun yaushe ta kama. Sai ya ɗage ƙafa ya shiga sulalewa. Na bayansa ya ƙosa, ya fizgi mota ya wuce shi da gudu, ya je ya ci birki ya tsaya. Shi kuwa yana tafe a hankali. Kafin ya ƙaraso wuta ta ba da hannu, layin ya fara motsi, sai ya bi sahu da gudun 25 ko 30 da ya rage masa, bai tsaya ba. Sau da yawa tare suke tsallake mahaɗar da wanda ya wuce shi ɗazu. Wancan ya sayi gudu ya zubar, ya sake sayen wani daga sifili, kuma tayar da mota daga tsaye shi ne abin da ya fi cin mai a tuƙin cikin gari. A Amurka, inda danjoji da yawa ke da na'urar da ke jin zuwan mota a ƙarƙashin kwalta, gwanaye har murna suke da irin wannan mai gaggawa, don shi zai je ya tayar musu da wutar.

Haka yake yi a cunkoso. Ba ya manne wa motar gabansa, ana matsawa ya zabura ana tsayawa ya ci birki. Yana barin tazara, ya zaɓi gudu guda ɗan kaɗan wanda zai sa tayarsa ta yi ta juyawa. Ba motar gabansa kawai yake kallo ba, yana kallon ta biyar da ta goma, yana kallon mai tsallaka titi da motar haya da ke shirin tsayawa ɗaukar fasinja. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da cin birki yana ƙara asarar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoso, da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya.

Hawa, gangara da iska

A kan tudu ma gwani yana saɓa wa abin da jiki ya saba. Yawancin direbobi idan sun ga hawa sai su ƙara wuta don kada gudu ya ragu, su kai ƙololuwa da cikakken gudu, sannan su yi ta taka birki a gangara. Shi kuwa yana ɗan tara gudu tun kafin hawan, sannan ya dafe totur wuri guda, ya ƙyale maleji ya sauka yadda ya ga dama, daga 80 zuwa 70, ko ƙasa da haka in hanya ta ba da dama. Ya haye ƙololuwa a sanyaye, ya ɗage ƙafa, gangara ta mayar masa da gudunsa kyauta. Shi ya sa ba ya kunna na'urar da ke riƙe gudu wuri guda a hanya mai tuddai, don ita akasin haka take yi.

A babbar hanya abokiyar gaba ita ce iska. Turjiyarta tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, kuma daga kilomita 80 zuwa sama shan mai yana hauhawa da sauri a kusan kowace mota. A can ba da wuta da saki ba ya yin tasiri kamar a cikin gari, abin da ke aiki shi ne rage gudu. Wanda ya sauko daga 120 zuwa 95 zai ga bambanci a tanki tun a tafiyar farko.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da gwanaye ba sa rainawa. Injin da bai yi zafi ba ba ya yarda ya mutu, don haka in suna da wurare uku da za su je, sukan fara da mafi nisa, injin ya ɗumama sosai, sannan su biyo na kusa. In za su ajiye mota, sukan nemi wuri mai ɗan tudu su juyo da hancinta waje, don in za su tafi ta gangara da kanta ba sai an yi ribas ba. Ana ruwa sukan ɗan kauce wa kwarin da tayoyi suka yi a kwalta, saboda ruwan da ke kwance a ciki yana riƙe taya. Suna duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi. Suna sauke tarkacen da ke but, domin kowane kilo 45 yana cin kusan kashi 1 cikin 100. Akwatin kaya a saman mota kuwa yana iya cin kashi 10 zuwa 25 a gudun babbar hanya.

Inda rowa ke zama wauta

Ba duk abin da masu wannan harka suka taɓa yi ne abin koyi ba. Wasu sun riƙa manne wa bayan tirela don ta kare musu iska, wasu suna shan kwana da gudu don kada su taɓa birki, wasu suna ƙin tsayawa a inda doka ta ce a tsaya, wasu suna ɗura wa taya iska fiye da ƙima. A 2008 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fito ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan. Haka kuma ba da wuta da saki ba abin yi ba ne a titin da ke cike, mutane suna bayanka. Gwani na gaskiya yana kallon madubi kamar yadda yake kallon allo, kuma in ya ga ya tare wa wani hanya, sai ya bar dabarar ya bi gudun jama'a.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura naira 1,000, tsohuwar ɗabi'ar nan ta sa mota a firi a gangara, ko ma a murɗe makulli a kashe ta, ta ƙara samun magoya baya. Kada wani ya karanta wannan ya ce ai abin da Turawa ke yi ke nan. Ba ɗaya ba ne. Idan Prius ta kashe injinta, motar a kunne take, sitiyarinta na lantarki ne, birkinta yana da famfonsa na lantarki, kuma da an taɓa totur injin zai tashi nan take. Motar da ba haibirid ba kuwa, in ka kashe ta, sitiyarin yawancinsu zai yi tauri, birki zai amsa sau ɗaya ko biyu sannan ya zama dutse, kuma in makullin ya zarce sitiyarin na iya kullewa. Abin takaicin ma shi ne ribar ba ta nan. Motar zamani mai injekta, in tana cikin giya aka ɗage ƙafa a gangara, kwamfutarta tana yanke mai gaba ɗaya. In ka sa ta a firi, dole ta riƙa shan mai don injin ya yi silo. Jihar Kalifoniya da wasu jihohin Amurka sun haramta gangara a firi, dokokin hanya na Birtaniya ma sun yi kashedi a kai.

Ita kanta haibirid ba a sa ta a N, wato firi, ana tafiya, don a nan batir ba ya caji. Harafin B da ke jikin giyarta kuma ba na ƙara caji ba ne kamar yadda wasu ke zato. Na doguwar gangara ne, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda batir kan cika tun ba a yi nisa ba, nauyin duka ya koma kan birkin taya. B yana sa injin ya juya ba mai, ya riƙe motar, birki ya huta. A titin gari asara ce kawai.

Na'urar sanyaya mota ma sai an yi hattara. Gaskiya tana cin mai, har wasu gwanayen Amurka kan sa riga mai ƙanƙara a ranar gasa don kada su kunna ta. Amma batirin Prius da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. A zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, in cikin motar ya zama tanda, batir zai yi zafi, kwamfuta ta rage aiki da shi, injin ya ƙi mutuwa, ƙarkon batirin kuma ya ragu. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar. Wanda ya sayi haibirid 'yar Kwatano ya kunna sanyi daidai misali, kada ya bari kaya ko mayafi ya rufe wannan kafa, kuma ya sa bakanike ya riƙa share fankar.

Babu wanda zai yi kilomita 46 a lita yana kai yara makaranta. Waɗancan alƙaluma na ranar gasa ne, a hanyar da aka zaɓa, da direbobin da suka shekara suna horar da ƙafarsu. Abin burgewa a wurinsu shi ne sun ɗauki aikin da kowa ke yi ba tunani, suka nuna cewa ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin ba sa buƙatar a sayi komai. Rabinsu ma suna aiki a kowace mota, har da Keke Napep da babur: hangen nesa, barin tazara, ɗage ƙafa da wuri, rage gudu a babbar hanya, duba iskar taya.

Mai karatu, in kana da mota, cika tankinka ka rubuta lambar da ke kan maleji. Yi tuƙinka yadda ka saba har ka sake cikawa, ka raba kilomitocin da litocin. A tanki na biyu kada ka sauya komai sai abu ɗaya: duk inda ka hango za ka tsaya, ɗage ƙafarka tun daga nesa. Ka sake lissafi, sannan ka yanke wa kanka hukunci ko wannan gwaninta ta cancanci a koye ta.